Yadda Ake Karanta Tsohon Filin Golf: Jagora Daga Filin Woking

Filayen golf da suka fi suna a duniya su ne waɗanda ake haskawa a talabijin lokacin manyan gasanni, kuma galibinsu tsawonsu ya haura yadi 7,000. A bayansu akwai ɗimbin tsofaffin filaye da aka zana tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da shekarun 1930, waɗanda ba a kai musu babbar gasa saboda gajarta ko rashin wurin da zai ɗauki dubban 'yan kallo, don haka sunansu bai cika wuce bakin masana ba. Baƙon da ya zo irin wannan fili da ma'aunin talabijin a kansa yakan duba katin wasa, ya ga yadi dubu shida da 'yan ɗaruruwa, ya yanke hukunci tun kafin ya ɗaga sanda cewa aikin mai sauƙi ne, sa'an nan ya gama zagaye da bugu fiye da yadda ya zata, bai kuma san abin da ya kayar da shi ba.

Abin da ya kayar da shi tunanin wanda ya zana filin ne, kuma wannan tunani ana iya koyon karanta shi. Misalin da za mu riƙe shi ne filin kulob ɗin Woking da ke gundumar Surrey, kudu maso yammacin Landan, wanda wasu lauyoyi suka kafa a 1893. Tsawonsa bai wuce kimanin yadi 6,600 ba, adadin bugun da aka ƙayyade masa 70 ne, kuma maƙwabtansa irin su Sunningdale da Walton Heath da Wentworth sun shafe shi a idon jama'a. Duk da haka masu nazarin zanen filaye suna ɗaukar sa a matsayin wurin da dabarar zaɓin hanya ta fara kafuwa a filayen da ke nesa da teku. Matakan da ke tafe za su yi aiki a kowane tsohon fili, amma gani a wuri guda ya fi bayani a sama.

Mataki na farko: san lokacin da aka zana filin da kayan wasan wannan lokaci

Kafin ka tafi, ka nemi abu uku: shekarar da aka buɗe filin, sunan wanda ya zana shi, da sunayen waɗanda suka taɓa shi daga baya. Yawancin tsofaffin kulob-kulob suna da taƙaitaccen tarihi a shafinsu na intanet, wasu kuma sun rataye tsofaffin taswirori da hotunan sama a bangon ɗakin taronsu. Shekarar tana da muhimmanci domin kowane ramin yashi an haƙa shi ne daidai da nisan da ƙwallo take iya kaiwa a zamanin da aka haƙa shi. Daga 1848 zuwa ƙarshen ƙarnin ana wasa ne da ƙwallon da aka yi da daskararren ƙaron bishiya, wadda ba ta tashi sosai. A 1899 aka yi rajistar ƙwallon Haskell mai zaren roba a ciki, wadda ta ƙara wa kowa nisa, ta kuma sa filaye da yawa suka zama gajeru cikin 'yan shekaru. Gorar sandunan wancan zamani ta itace ce, domin hukumar golf ta Amurka ba ta halatta sanda mai gorar ƙarfe ba sai 1924, takwararta ta St Andrews a Sikotilan kuma sai 1929.

Bambancin bai tsaya nan ba. A 1980 matsakaicin nisan bugun farko a gasar ƙwararru ta Amurka kimanin yadi 257 ne, yau kuwa yana wajen yadi 300. Saboda haka idan ka ga ramin yashi a yadi 180 daga dakalin farawa, kada ka ce wanda ya zana bai san aikinsa ba. Ka tambayi kanka wane ne aka haƙa wa wannan rami, sai ka ga cewa har yau yana cin masu matsakaicin ƙarfi, da tsofaffi, da duk wanda iska ta tare shi a gaba.

Mataki na biyu: bambance fili mai hukunci da fili mai tambaya

Masu zane sun kasu gida-gida, kuma wajibi ne ka san gidajen kafin ka iya cewa ga inda fili ya dosa. Gida na farko shi ne na hukunci: hanya ɗaya ce tak, a tsakiya, duk wanda ya kauce dama ko hagu ko ya kasa ɗaga ƙwallo sai ya faɗa cikin yashi. Filin Oakmont da Henry Fownes ya gina a Amurka a 1903 shi ne misalin da aka fi kawowa, kuma fili ne mai girma a irin nasa. Gida na biyu shi ne na dabara, inda ake ba ɗan wasa hanyoyi biyu ko uku, kowace da ribarta da haɗarinta, a bar shi ya zaɓa. Akwai gida na uku da ake kira na jarumta, inda ake shimfiɗa babban haɗari kamar tafki ko gaɓar teku a karkace, kowa ya yanki iya abin da zuciyarsa da ƙarfinsa za su ɗauka.

Hanya mafi sauri ta gane gidan da rami yake, wato kowane zango na wasa daga dakalin farawa zuwa tuta, ita ce ka duba inda aka ajiye haɗari. Idan yana inda mummunan bugu yake faɗawa, hukunci ne. Idan kuwa yana daidai inda gwani yake son ajiye ƙwallonsa, ko dab da wurin, to dabara ce. John Low, ɗaya daga cikin mutanen Woking, wanda ya daɗe a kwamitin dokoki na St Andrews, ya yi ta jayayya tun farkon ƙarni na 20 cewa ramin yashi mai amfani shi ne wanda yake cin bugun da ya kusa yin kyau, domin wanda ya buga shirme ya riga ya hukunta kansa da nisan da ya rasa. A ganina wannan ita ce magana mafi amfani da mai ziyara zai shiga fili da ita.

Mataki na uku: fara karatu daga tuta, ka dawo baya

Nan ne zuciyar aikin take, kuma nan ne yawancin mutane suke kuskure, domin suna tsayawa a dakalin farawa su nemi wuri mafi faɗi su buga, sai sun isa wurin ƙwallo sannan su fara tunanin dandali, wato filin gajeriyar ciyawa da tuta take a kai. Mai zanen dabara yana tunani ne daga ƙarshe. Yakan fara da dandali, ya karkata shi ta yadda zai karɓi ƙwallo daga gefe ɗaya ya ƙi ta daga ɗaya gefen, sa'an nan ya koma baya ya ajiye haɗari a gefen da dandalin yake so. Don haka idan ka sami dama, ka taka filin da ƙafa ba tare da sanduna ba, da sassafe ko da yamma bayan an ba ka izini, ka tsaya a bayan kowane dandali ka juyo ka fuskanci inda aka fito. Daga nan za ka ga ƙofar dandalin, wato ɓangaren da babu yashi ko tudu a gabansa, kuma idan ka bi layin wannan ƙofa da ido zuwa baya, zai kai ka wurin da ya kamata bugun farko ya tsaya.

Rami na 4 a Woking shi ne darasin da ya fi kowane bayyana. Rami ne mai bugu huɗu, tsawonsa kimanin yadi 350, a kan ƙasa kusan shimfiɗaɗɗiya, babu teku, babu dutse, babu wani abin da zai sa mai ɗaukar hoto ya tsaya. A hannun dama, tun daga dakali har dandali, layin dogo ne, kuma duk ƙwallon da ta ƙetare shinge ta fita daga iyaka, wanda hukuncinsa shi ne ƙarin bugu ɗaya da komawa inda aka buga. Tom Dunn, wanda ya fara zana filin, ya yi shi bisa al'adar zamaninsa, da dogon ramin yashi da ya gitta titin ciyawa daga gefe zuwa gefe, abin da bai tambayi ɗan wasa komai ba sai ko zai iya ɗaga ƙwallo. A wajajen 1901 Stuart Paton, wani ɗan kulob ɗin da ya yi shekaru yana gyara filin tare da Low, ya kawar da wannan tsari, ya haƙa ƙananan ramukan yashi biyu a tsakiyar titin, daidai inda kyakkyawan bugun farko yake sauka. Ya ɗauko tunanin ne daga rami na 16 a tsohon filin St Andrews, inda wasu ramuka uku suke zaune a tsakiyar hanya, layin dogo kuma a wancan lokaci yana bin hannun dama.

Yanzu ka tsaya a dakalin ka ƙidaya zaɓin da ke gabanka. Kana iya ratsa ƙwallo ta ɗan siririn filin da ke tsakanin ramukan da layin dogo, kuma idan ka yi nasara za ka tarar da ƙofar dandali a buɗe, bugu na biyu ya zama mai sauƙi har ana iya mirgina ƙwallo a ƙasa. Kana iya bin hagu inda wuri yake da faɗi babu abin tsoro, amma daga can sai ka ɗaga ƙwallo ta haye ramin yashin da ke tsare da gaban dandali ta hagu, ta sauka a kan ƙasar da take gangarawa tana guje maka, ga layin dogo kuma yana jira a bayan tuta. Kana iya tsayawa kafin ramukan ka karɓi bugu na biyu mai tsawo. Idan kuma kana da ƙarfi, kana iya ƙoƙarin haye su gaba ɗaya, ka kuma ɗauki abin da ya biyo baya idan ƙwallon ta karkace. Babu zaɓin da yake kyauta a cikin huɗun, kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma amsar da ta dace da kai yau tana iya canzawa gobe idan iska ta juya ko aka matsar da tuta.

'Yan kulob da yawa sun fusata da wannan gyara, suna cewa zalunci ne a hukunta wanda ya buga ƙwallo a miƙe zuwa tsakiya. Tom Simpson, wanda a lokacin lauya ne, ya ji wannan ƙorafi, ya fita ya tsaya yana nazarin ramin, ya gane cewa tsakiyar titi da layin da ya dace ba lalle su zama abu ɗaya ba. Daga nan ya koma sana'ar zanen filaye, kuma shi ne ya zana filin Morfontaine a Faransa. Ƙorafin nan bai mutu ba, domin har yau duk inda aka haƙa rami a tsakiyar titi sai an ji shi, kuma idan ka ji kanka kana yin sa a wani tsohon fili, alama ce cewa ka iso wurin da ya kamata ka tsaya ka duba da kyau.

Ka yi wannan karatu a kowane rami mai bugu huɗu ko biyar. Wace ƙofa dandali ya buɗe? Me aka ajiye a gefen da ƙofar take kallo? Me ake biya idan an bi hanya mai sauƙi? Idan tambaya ta uku ba ta da amsa, wato mai gudun haɗari bai rasa komai ba, to ramin ba shi da dabara, komai kyawunsa.

Mataki na huɗu: duba ƙasa, ka rage duban sama

Duk abin da aka faɗa a sama yana aiki ne idan ƙasa tana da tauri. A kan ƙasa mai laushi da ta sha ruwa, ƙwallo tana tsayawa inda ta faɗi, saboda haka kusurwar da aka fito ba ta da wani tasiri, kuma mai bin hagu a rami na 4 zai ɗaga ƙwallo ta haye yashi ta lafe kusa da tuta ba tare da ya biya komai ba. Wannan ne ya sa tsofaffin filaye masu kyau suke kan yashi, ko dai a bakin teku ko a irin ƙasar Surrey mai heda, wani gajeren tsiro mai fure, da bishiyoyin fayin, inda ruwan sama yake tsanewa da wuri. Idan ka tarar da ciyawa ta yi ruwan ƙasa-ƙasa a tsakiyar bazarar Ingila, kada ka ɗauka sakaci ne. A wannan yanayin ne filin yake nuna ainihin halinsa.

Ga abin da za ka yi a aikace. Idan ka iso yadi talatin kafin dandali, ka tsuguna ka dubi ƙasa a kwance, domin ƙananan tudu da kwari da ba a gani daga tsaye suna fitowa fili idan ido ya sauko, musamman da hantsi ko la'asar lokacin da inuwa take da tsawo. Ka jefa ƙwallo da hannu ta mirgina zuwa dandali daga dama, ka sake jefa wata daga hagu, ka ga inda kowace ta tsaya. Ka lura da tafin ƙafarka yayin da kake tafiya a kan dandalin, domin ƙafa tana jin gangaren da ido yake musu. A Woking, Paton ya shafe shekaru yana sake fasalin dandalai ɗaya bayan ɗaya, ya mai da shimfiɗaɗɗun wuraren Dunn masu kusurwa huɗu zuwa masu tudu da hawa biyu, kuma su ne babbar kariyar filin a yau.

Misali mafi shahara na ramin da ake bugawa ta ƙasa yana Sikotilan, a filin North Berwick, wanda kulob ɗinsa ya faro a 1832 kuma shi ma ya daɗe a inuwar maƙwabcinsa Muirfield. Raminsa na 15, mai suna Redan, bugu uku ne, kimanin yadi 190. Dandalinsa yana kwance a karkace, yana gangarawa daga gaba ta dama zuwa baya ta hagu, da zurfafan yashi a gabansa ta hagu. Wanda ya nufi tuta kai tsaye ko dai ya faɗa yashi ko ƙwallonsa ta zarce, wanda kuwa ya sauke ta a kafaɗar dama sai gangaren ya ɗauke ta ya kai ta wurin tuta da kansa. Charles Blair Macdonald ya kwaikwayi wannan rami a filin National Golf Links da ke jihar New York, wanda aka buɗe a 1911, daga nan kuma ya bazu a filaye masu yawa. Idan ka san siffarsa za ka riƙa gane 'ya'yansa a wuraren da ba ka zata ba.

Mataki na biyar: zaɓi dakali da sandunan da za su mayar da kai cikin wasan

Idan nisan bugunka ya sa kana haye duk ramukan yashi ba tare da tunani ba, ko kuma ba ka isa gare su ko kaɗan, to ba filin da aka zana kake bugawa ba. Ka zaɓi dakalin da zai sa bugunka na yau da kullum ya sauka a daidai yankin haɗari, ko da hakan na nufin matsawa gaba, wanda wasu suke jin kunyarsa ba gaira ba dalili. Mai dogon bugu yana iya barin babbar sandarsa a mota. Doka ta ƙayyade sanduna 14 tun ƙarshen shekarun 1930, amma ba ta ce dole a cika su ba, kuma zagaye ɗaya da sanduna bakwai yakan tilasta wa mutum ya buga rabin bugu, ya danne ƙwallo ƙasa-ƙasa, ya yi amfani da gangare, wato irin bugun da aka gina filin dominsa.

Mataki na shida: lura da yadda aka jera ramukan

Wannan ba ya bukatar dogon bayani, sai dai kulawa. Ka lura da nisan da ke tsakanin dandali da dakalin da ke biye, domin a tsofaffin filaye taku kaɗan ne, tunda an zana su ne don masu tafiya da ƙafa. Ka lura da sau nawa hanya ta juya fuska. Tsohon filin St Andrews yana tafiya ne a miƙe ya dawo a miƙe, don haka iska ɗaya tana iya bin ka ramuka da yawa a jere, alhali a Muirfield ramuka tara na farko suna zagayawa ta waje, tara na biyu kuma suna juyawa ta ciki a kishiyar hanya, ta yadda iska ba ta zama a gefe guda. Woking ya buɗe da ɗan gajeren rami mai bugu huɗu da bai kai yadi 300 ba, ya bi shi nan take da dogon rami mai bugu uku, sannan dandalin rami na 14 yana dab da barandar kulob, inda masu shan shayi suke kallon duk wanda hannunsa ya yi rawa. Irin wannan jeri ba ya bin ƙa'idar da filayen zamani suke bi, ƙasa ce ta ba da shi aka karɓa.

Mataki na bakwai: gane abin da shekaru suka ɓata

Babu tsohon filin da ya iso yau yadda aka bar shi, kuma adalci shi ne ka raba laifin mai zane da laifin waɗanda suka gaje shi. Abu na farko da za ka nema shi ne bishiyoyi. Filayen heda na Surrey a buɗe suke lokacin da aka gina su, amma da aka daina kiwo a kansu sai bishiyoyi suka tsiro, kwamitoci kuma suka dasa wasu don ado, har suka toshe kusurwoyi, suka hana rana da iska isa ga ciyawa, suka kashe hedar da ba ta jure inuwa. Kulob-kulob da dama a yankin sun koma sare bishiyoyi don dawo da ita, kuma duk da cewa mai ziyara yana iya jin zafin ganin kututture, sau da yawa gyara ne.

Abu na biyu shi ne faɗin titi. Idan ka ga ramin yashi zaune shi kaɗai cikin doguwar ciyawa, yadi goma ko ashirin daga gefen titi, kusan tabbas a da titin ya kai har bakinsa, daga baya aka matse shi, ko don rage kuɗin aski ko don a ce filin ya yi wuya. Matse titi yana kashe dabara, domin zaɓi yana bukatar wuri. Haka dandalai suke ƙanƙancewa a hankali, injin aski yana rage kusurwa kaɗan-kaɗan kowace shekara har mai kusurwa ya zama da'ira, wuraren kafa tuta mafi daɗi kuma, waɗanda suke can gefe a bayan yashi, su ɓace. Ka dubi shimfiɗaɗɗen tudun da dandali yake kai: idan ya fi wurin da ake askewa faɗi, ka ga girman asali.

Abu na uku shi ne santsi. An gina tsofaffin dandalai da gangare mai ƙarfi saboda ciyawar lokacin ba ta da gajarta kamar ta yau. Tun da hukumar golf ta Amurka ta fara amfani da ma'aunin gudun ƙwallo a kan dandali a shekarun 1970, kulob-kulob suka shiga gasar wa ya fi santsi, kuma idan santsi ya wuce kima a kan tsohon gangare ƙwallo ba ta tsayawa, sai a ce gangaren ne ya yi yawa a baje shi. Ni dai ina ganin rage santsi ya fi baje tudu hankali, domin ciyawa tana sake tsirowa, tudun da aka baje kuwa ya tafi ke nan.

Mataki na takwas: buga sau biyu, ka canza hanya da gangan

Zagaye ɗaya ba ya isa a yanke wa fili hukunci. Idan hali ya yi, ka buga da safe ka sake bugawa da yamma, kuma a karo na biyu ka bi hanyar da ka guje wa da farko: inda ka bi hagu ka gwada dama, inda ka ɗaga ƙwallo ka mirgina ta. Zai fi kyau ka yi wasan rami-da-rami da abokin wasa, inda ake ƙidaya ramukan da kowa ya ci, maimakon ƙidayar bugu, domin shi ne wasan da ya fi yawa a zamanin da aka zana waɗannan filaye, kuma yana sa mutum ya ɗauki haɗarin da ba zai ɗauka ba idan yana tsoron ɓata kati. A nan ne za ka ga yadda zaɓinka yake canzawa gwargwadon inda ƙwallon abokin hamayya ta faɗa. Idan shi ya fita daga iyaka a rami na 4, bin hagu ya zama hankali, idan kuwa ya ratsa ta dama lafiya, sai ka sake lissafi.

Ka riƙe ɗan littafi a aljihu, bayan kowane rami ka rubuta layi ɗaya: ina tuta take, ina iska ta fito, ina ka so ƙwallo ta tsaya, kuma da ka san abin da ka sani yanzu ina za ka nufa. Idan ka ci karo da mai kula da ciyawar filin ko wani dattijon ɗan kulob, ka tambaye shi inda ake kafa tuta ranar gasar kulob da kuma ramin da baƙi suka fi raina wa, domin amsar tambaya ta biyu takan nuna rami mafi wayo a filin.

Sai dai a yi hattara da son tsoho don tsufansa kawai. Akwai filaye masu shekaru fiye da ɗari da ba su da wata dabara, akwai kuma ramukan da suke da ban mamaki kawai ba tare da sun ba da zaɓi ba, kamar wanda ake buga ƙwallo a makance ta haye tudu ba tare da ƙasa ta ba da wata alama ba. Gwajin da zan ba da shawara a yi shi ne a duba ko gwani da mai rauni za su iya buga ramin tare kowa ya sami abin tunani, gwani yana neman kusurwa don ya rage bugu, mai rauni kuma yana da hanyar zagayawa ba tare da ya ɓatar da ƙwallo ba. Alister MacKenzie, wanda ya zana filin Augusta na Amurka tare da shahararren ɗan wasa Bobby Jones, ya sa wannan cikin ƙa'idojinsa tun 1920.

Ta fuskar shiri, mafi yawan irin waɗannan kulob-kulob a Ingila na 'yan ƙungiya ne amma suna karɓar baƙi a ranakun aiki, don haka ka rubuta musu tun da wuri, ka tambayi ƙa'idar tufafi da ko suna bukatar shaidar matsayinka a wasa, ka kuma tambaya ko ana barin mutum huɗu su buga tare, domin wasu sun fi son wasan ƙwallo biyu, wato kada masu tafiya tare su buga fiye da ƙwallo biyu, saboda sauri. Ka tambayi lokacin da suke huda dandalai don gyara ka kauce masa. Daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba ƙasa ta fi tauri, heda kuma tana fure a Agusta da farkon Satumba, lokacin da ta fi kyau a ido kuma ta fi riƙe sanda idan ƙwallo ta shige ta.